Yadda na haɗa aikin jarida, barkwanci, fim da jawabi a rayuwa ɗaya

Matasan da ke zuwa wurina koyon aiki sun sha tambayata yadda aka yi mutum ɗaya ya zama ɗan jarida, ya zama ɗan wasan barkwanci, ya shirya fim, kuma ake gayyatarsa taro ya yi jawabi. Wasu don sha'awa suke tambaya. Wasu kuwa daga muryarsu kake gane cewa suna yi wa abin kallon rashin tsayawa wuri ɗaya. Amsar tana da tsawo, ba ta yiwuwa a tsaye a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

A Fagge aka haife ni, a Kano, wajen ƙarshen shekarun 1970. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, tela ne. Shagonsa keke biyu ne da benci ɗaya, sai rediyo da ke rataye a ƙusa kusa da taga, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zubo. Yawanci tana kan tashar Kaduna, in lokacin labaran duniya ya yi a murɗa ta zuwa BBC. Tun ina ƙarami na lura da wani abu. In ana karanta labarai, keken ɗinki ba ya tsayawa, Baba yana ji yana takawa, masu jiran ɗinki suna ji suna hirarsu. Amma da an sako wasan Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, sai ƙafa ta sauka daga kan keke, mai shayin da ke gefe ya matso da ludayinsa a hannu. In an gama dariya kuma ba a tashi, sai a ɗauki lokaci mai tsawo ana gardama a kan abin da wasan ya taɓo, ko cin amana ne, ko zaluntar na ƙasa, ko ƙaryar arziki. Labarai suna wucewa ta kunne, wasan kuwa yana kwana a shagon.

Da azumi, daga goma ga wata, ni ne mai gemun auduga a tashen unguwarmu. Ranar kasuwa ko biki in na ji 'yan kama sun iso, ba na motsawa sai sun tashi, ina kallon yadda suke ɗaukar salon wa'azi ko waƙar da kowa ya sani su mayar da ita zancen tuwo da miya, babba da yaro na dariya ba wanda aka zaga. A sakandare na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Amma da na zo zaɓen abin da zan karanta gaba, aikin jarida na zaɓa, Baba kuma ya yi murna ƙwarai. A wurinsa wannan aiki ne na mutunci, aikin su Abubakar Imam, wanda ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara buga ta a Zariya a 1939. Ya ce mini, "Wannan dai ka riƙe shi da kyau. Wasan nan naka kuwa ka bar shi a makaranta, taura biyu ba ta taunuwa."

Na yi difloma, na ɗan taɓa aika wa wata jaridar Hausa rahotanni, daga nan na sami aiki a wani gidan rediyo. Lokacin harkar tana buɗewa. Tun 1992 gwamnatin Babangida ta yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin, amma mu a Kano ba mu ji ɗumin abin sosai ba sai da Freedom Radio ta fara aiki a 2003, gasa ta tashi, kowace tasha ta shiga neman abin da zai riƙe mai sauraro. Wayar hannu kuma ta riga ta shigo tun 2001, don haka mai sauraro ya sami bakin mayar da magana.

Editan da na faɗa hannunsa dattijo ne, Malam muke ce masa. Bai bar ni na kusanci makirufo ba sai da na gaji da zaman kotun majistare da zagayen kasuwa da bakin asibiti, da rikoda mai kaset a aljihu da biron da nake juya kaset ɗin da shi don kada batir ya ƙare. In na kawo rahoto, tambayoyinsa ba sa canzawa. "Wa ya gaya maka? Ka gani da idonka? Ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren?" In ɗaya ta rasa amsa, sai ya miƙo mini takardar ya ce, "Koma, ɗana. Magana zarar bunu ce." Duk abin da na yi daga baya, a kan dandamali ko a gaban kyamara, a kan waɗannan tambayoyin na gina shi.

Rigimar rigakafin shan inna ce ta dawo da ni ga wasan da Baba ya ce in bari. A 2003 gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004. Amma ɗage dakatarwa daban, yardar mutane daban. Aka tura ni in riƙa bin matan da ke shiga gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, suna ɗiga wa yara maganin a baki, su shafa musu tawada a ɗan yatsa, su yi alama da alli a bango. Gidaje da yawa ba a buɗe musu. Masu rubutu daga nesa suna cewa jahilci ne kawai, ni kuwa da na zauna a zauruka na ga ba haka abin yake ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Wanda ya ga wannan in ya yi ɗari-ɗari ba a ce masa wawa.

Wani magidanci ya zaunar da ni a tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce, "Ɗan jarida, ni tambaya ɗaya gare ni. Ɗana ya yi zazzaɓi, na kai shi asibiti, aka rubuta mini takarda aka ce in je in sayo. Wannan kuma da ban nema ba ake biyo ni da shi har gida kyauta. Ka gaya mini dalili." Na ɗauki muryarsa, na je na sami likita ya ba da amsa, na haɗa rahoto mai kyau, Malam ya sa hannu, aka watsa. Shiru. Ko mutum ɗaya bai bugo waya ba.

Sai na roƙi Malam ya ba ni minti biyar a ƙarshen shirin yamma. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Da sharaɗi. Ba ƙarya a ciki, ko da wasa." Na rubuta ɗan gajeren wasa, na fito a matsayin wani tsoho mai kafiya da ke son jikokinsa kamar ransa. Ya ji sallamar masu rigakafi, ya tura yaran duka ƙarƙashin gado, ya fito yana gyara rawani yana cewa gidan nan rabonsa da kukan yaro tun zamanin Sardauna. Yana rufe baki sai ƙaramin ya ɗaga murya daga ɗaki, "Kaka, mu fito ko da saura?" Bayan dariya ta lafa, tsohon ya yi ainihin tambayar da magidancin nan ya yi mini, kalma da kalma. Amininsa na wasan, wanda shan inna ta naƙasa tun yana yaro, shi ya ba shi amsa: cutar nan in ta kama yaro ba ta da magani, rigakafi kaɗai ne garkuwa, kuma tana bi ta bayan gida da ƙazamin ruwa daga yaro zuwa yaro, gida ɗaya in an tsallake shi maƙwabta ma ba su tsira ba. Ban sa tsohon ya janye kokensa ba, domin kokensa gaskiya ne. Ya yarda a ɗiga wa yaran, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce daga nan gidan kansila ya nufa, a gaya masa dalilin da asibitin unguwa ba magani.

Daren nan wayar ɗakin watsa shiri ba ta huta ba. Wasu suna yabo, wasu suna faɗa, amma kowa a kan batun yake magana. Bayanin da ke cikin wasan shi ne na cikin rahoton, ban ƙara ko harafi ba. Bambancin kawai shi ne mai sauraro ya ji kansa a ciki, kuma ya ji ba a raina shi ba. Ranar 25 ga Agusta, 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka, na yi sujadar godiya. Matan nan masu akwatin sanyi na fara tunawa, waɗanda suka sha rana da korar kare, da sarakuna da malaman da suka fito suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a.

Tsohon nan ya zauna a shirin, har ya zama a kasuwa da sunansa ake kirana. A nan na kafa wa kaina ƙa'idar da har yau nake kanta. Ba na ba da dariya da in'ina, ko gurguntaka, ko makanta, ko yadda wani ɗan ƙabila ke karya Hausa. Na san akwai masu yi, na san ana dariya, amma ina ganin wannan arha ce kuma zalunci ne. Wasan da muka gada tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, yana da daɗi ne saboda kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma in ta ɓaci su ne masu tsaya wa juna. Wanda ba shi da damar ramawa ba abokin wasa ba ne. Mai kafiya, mai rowa, mai ƙaryar ilimi, shugaban da ya manta alkawari, waɗannan halaye ne da mutum zai iya bari, su nake taɓawa.

Ba kowa ne ya karɓi abin ba. Wasu abokan aiki suka ce na zubar da ƙimar ɗan jarida, wanda aka ji yana kwaikwayon tsoho da yamma wa zai yarda da labaransa da safe. Da aka je nema mini aure, kawun yarinyar ya gyara zama ya ce wa Baffana, "Alhaji, mun yi bincike, yaron ba shi da abin zargi. Sai dai an ce ɗan wasa ne." Baffa ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Kuma ɗan jarida ne. Ku saurare shi sati guda, in kun ji ya faɗi abin da ba za ku so 'yarku ta ji ba, mu da kanmu za mu janye." Suka saurara, aka ba ni. Baba kuwa bai taɓa ce mini ya sauya ra'ayi ba. Innata ce ta gaya mini cewa in lokacin shirin ya yi, yakan ce wa yaran shago su tsayar da keke.

Jarrabawar da ta fi wannan ita ce ta kuɗi. Duk wanda ya san siyasar Kano ya san sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a rediyo su yabi ubangidansu su yi wa abokin hamayyarsa kaca-kaca. Gabanin wani zaɓe aka aiko mini cewa wani babba yana son tsohon nan ya riƙa yi wa abokin takararsa shaguɓe, za a ba ni mota. Lokacin babur ɗina ma sai an tura yake tashi, ga haihuwa ta kusa. Na ce wa ɗan aiken ya gai da Alhaji, ya ce na gode, amma tsohon nan na masu sauraro ne, ranar da suka gane an saye shi ya mutu. Haka nake yi da ambulan ɗin da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Ba na zagin abokan aikin da ke karɓa, na san albashin da ake biya da watannin da ake yi ba a biya ba. Laifin ya fi yawa a kan masu kafa gidan jarida su ba yaro katin shaida su ce ya je ya ci da shi.

Ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, da yamma, ina ofis ƙarar farko ta girgiza tagogi. Kafin mu tantance daga ina ta fito, ta biyu ta tashi, sai harbe-harbe. An kai hari hedikwatar 'yan sanda ta shiyya, da ofisoshin 'yan sanda da dama, da ofishin jami'an tsaro na farin kaya, da na shige da fice, kusan a lokaci guda. Aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, muka kwana a tasha. Wayoyi suna shigowa, kowa da adadinsa, kowa da unguwar da ya ji an ce an ƙone. Malam ya tsaya a tsakiyar ɗakin labarai ya ce, "Yau ba wanda zai faɗi abin da aka ce. Abin da muka tabbatar kaɗai." Muka riƙa karanta kiran masu ba da gudummawar jini, da cigiyar yaran da suka fita ba su dawo ba, da roƙon mutane su zauna a gida. Daga baya 'yan sanda suka ce mutum 185 ne suka rasu. A cikinsu akwai ɗan'uwanmu a sana'a, Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels, wanda aka harbe yana bakin aiki. Da aka sassauta dokar na je asibitin Murtala, na ga iyaye maza suna ɗaga mayafi ɗaya bayan ɗaya suna neman 'ya'yansu. Na yi rahoton da muryar da ban san ina da ita ba.

Na ajiye wasan. Ban ga bakin da zan buɗe in ba da dariya a garin da kowace unguwa ke zaman makoki ba. Gari ya cika da shingayen bincike, mai babur sai ya sauka ya tura har ya wuce. Ana cikin haka wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a harin ta aiko ƙaninta da saƙo. Ya ce, "Yaya ta ce a gaya maka, don Allah a dawo da tsohon nan. Yaran sun saba ji tare da babansu, yanzu gidan ya yi shiru da yawa." Na kai wa Malam maganar, ya ce in je in yi tunani a kan abin da za a iya taɓawa da wanda ba za a iya ba. Ban taɓa mamata ba, ban taɓa jami'an da ke tsaye a rana su ma ransu a hannu ba. Na sa tsohon ya fito da babur ɗinsa, daga wannan shinge ya tura zuwa wancan, kafin ya ɗora ƙafa ga wani, har ya iso ƙofar gida bai tayar da inji ba. Ya zauna yana haki yana lissafin man da ya tsira da shi, tun da a watan Janairun 2012 ɗin nan lita ta tashi daga naira 65 ta tsaya a 97, ya ce wa matarsa gobe ma zai fita, wannan ciniki da riba. Mutane suka yi dariyar wahalar da suke sha tare. Na gaskata a ranar cewa ba da dariya ga mai baƙin ciki, in an yi shi da ladabi, yana cikin taimako.

Shiga fim kuma ta hanyar abokai ce da ke da ofisoshi a Titin Gidan Zoo. Suka riƙa kirana ina fitowa a 'yan gajerun wurare na raha. Zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro ne, wanda ya rasu a Disamba 2014, mutumin da fitowarsa kaɗai ke sayar da kaset. Masana'antar ta yi nisa tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo na Hausa da ya buɗe kasuwa, amma abin da ya dame ni shi ne sau da yawa akan je lokeshan da labari a ka, a gaya wa ɗan wasa abin da ake so ya faɗa nan take. Wanda ya taso a hannun Malam ba ya iya aiki haka. Na je Jos na yi gajeren kwas a cibiyar koyar da fim ta ƙasa, na koyi rubutun fim da haske da sauti, na dawo da niyyar yin nawa.

Batun shaye-shaye na ɗauka, musamman maganin tari mai kodin, wanda ya riga ya shiga ɗakunan 'yan mata da matan aure, ana juye shi a kwalbar lemo a sha a gaban iyaye ba su sani ba. Kafin in rubuta layi ɗaya na yi bincike irin na rahoto. Na zauna da likitoci, da masu kemis, da waɗanda suka daina, da waɗanda suka kasa dainawa. Ɗauka kuwa makaranta ce mai zaman kanta. Janareta sai an kai shi bayan katanga an ja waya mai tsawo don kada ƙararsa ta shiga sauti. Yaran unguwa su cika ƙofa, sai an nemi babbansu an naɗa shi mai tsaro. A tsaya in an kira salla, a dawo rana ta juya, hasken ya canza, mai lura da kaya yana duba littafinsa ya tabbatar hular da jarumi ya shiga ɗaki da ita jiya ita ce zai fito da ita yau. Muka gama, muka kai Hukumar Tace Fina-finai kamar yadda doka ta tanada, aka ba mu shaida.

Sai dai kasuwar da na yi lissafi da ita ta riga ta mutu. Faifan CD ya daina tafiya, masu tura fim a waya sun cika kowace kwana, kafin ka mayar da kuɗin buga faifai fim ɗinka yana wayar kowa a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Filin da na sayar na zuba bai dawo ba. Masana'antar ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara a 2014. Ni kuwa na duba na ga fim ɗin ba don kasuwa kaɗai na yi shi ba. Na yi hayar majigi da farin ƙyalle, na shiga bin makarantun sakandare da Islamiyyu ina nunawa kyauta. Da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, bayan binciken da BBC ta fitar, na yi murna, amma na san haramci ba ya cire abin daga jikin wanda ya riga ya kamu.

Majigin nan shi ya mayar da ni mai jawabi. In fim ya ƙare, sai shugaban makaranta ya miƙo mini makirufo ya ce, "Malam, ka ce musu wani abu." Da farko minti kaɗan nake yi, a hankali jawabin ya fi fim ɗin tsawo, har aka fara gayyatata ba tare da majigi ba, bikin yaye ɗalibai, taron iyaye, ƙaddamar da littafi, taron ƙungiyoyin matasa, har Maraɗi da Damagaram, inda na tarar sun san muryar tsohon nan. Da Hausa nake yi, ko a makarantar da ake koyarwa da Turanci, domin abin da nake so ya shiga zuciya ne. Nakan fara da raha har sai kafaɗu sun sauka, sannan in faɗi abin da na gani da idona a ɗakin marasa lafiya, ba ƙari ba ragi. Yara suna gane mai yi musu ƙarya don ya tsorata su, kuma daga ranar sun daina jin sa.

A wani taron iyaye, bayan an watse, wata uwa ta tsaya a gefe har kowa ya fita. Ta matso, ta buɗe baƙar leda, kwalabe ne fal, duk babu komai a ciki. Ta ce, "Malam, a ƙarƙashin katifar 'yata na same su. An sa ranar aurenta. Babanta bai sani ba." Rikoda tana aljihuna, kuma na san irin wannan murya ita ce kowane edita ke nema. Ban taɓa ta ba. Na ce, "Hajiya, ki zauna." Muka yi magana a kan yadda za ta gaya wa mahaifin ba tare da an kori yarinyar ba, na haɗa ta da wani likita da na sani tun lokacin bincike, a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Bayan wani lokaci ta aiko mini da goro da alawar ɗaurin aure.

Ina kuma gabatar da taro da biki, kuma ba na ɓoyewa, kuɗin da ake biyana a nan su ke riƙe sauran ayyukan. Aiki ne da ke da nasa ilimin, wanda sanƙirorinmu suka daɗe da sani: wa ake fara gaisarwa, wace sarauta ke gaban wace, yadda za ka riƙe jama'a in babban baƙo ya makara, yadda za ka karɓe makirufo daga mai dogon jawabi ba tare da ka kunyata shi ba. Taron siyasa ne kaɗai ba na karɓa, saboda washegari ni zan zauna in yi wa ɗan takarar tambayoyi.

Yanzu ina da ɗan ofis inda matasa ke zuwa, yawancinsu sun fara barkwanci a TikTok da Facebook, wasunsu suna da baiwar da ta fi tawa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zo, ba na barin sa ya kunna kyamara sai ya yi zaman kotu da zagayen kasuwa, ya kawo mini rahoto, na yi masa tambayoyin Malam, Allah ya ba shi lafiya. Wasu sukan gaji su tafi. Waɗanda suka tsaya, da su muke aikin da ke gabanmu, a kan faɗan daba da ƙwacen waya da suka addabi unguwannin Kano. Sun zauna da waɗanda aka yi wa ƙwace, da iyayen yaran da ke tsare, da wasu tubabbun 'yan daba da suka koma sana'a. Rahoton rediyo zai fara fita, gajeren fim ya biyo baya, sannan mu ɗauki majigi mu shiga unguwannin da abin ya fi ƙamari. Masu unguwanni biyu sun riga sun ba mu fili, muna jiran amsar na uku.